Sun tono tsohon rubutuna na Facebook: in sauka daga kujerar kansila?

Assalamu alaikum Malam. Ni kansila ne a wata ƙaramar hukuma a Arewa, shekarata 35, kuma mazaɓata ta haɗa Musulmi da Kirista. A watan Afrilun 2011, lokacin rikicin bayan zaɓe, ina ɗalibi ɗan shekara 21, na yi rubutu guda uku a Facebook inda na kira Kiristocin garinmu da sunan da ba zan iya maimaitawa ba, na ce su tattara su bar mana gari, har na ce duk abin da ya same su su suka jawo wa kansu. Na manta da rubutun gaba ɗaya. Makon jiya wani da muka nemi takara tare ya tono shi, ya ɗauki hotonsa, yanzu yana yawo a WhatsApp ana cewa in sauka. Shugaban ƙaramar hukuma ya ce in yi shiru ƙura za ta lafa, yarana na siyasa sun ce in ce kutse aka yi wa shafina, mai ɗakina kuwa ta ce in ajiye kujerar in huta. Ni ne kuma shugaban kwamitin rabon taki da kayan tallafi na yankinmu. Wallahi Malam ba haka zuciyata take ba a yau, kuma kwana biyar ke nan ban yi barcin kirki ba. In sauka ko in zauna?

Ƙaninka, wani kansila.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya kuma sa ta zama sanadin alheri gare ka da mutanen da kake wakilta.

Amsata a taƙaice ita ce kada ka rubuta takardar murabus a wannan makon, amma kada ka ƙudurta a ranka cewa za ka riƙe kujerar ko ta halin ƙaƙa, domin hukuncin zamanka ko saukarka bai kamata ya fito daga bakinka kai kaɗai ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ga ka kawo ra'ayin shugaban ƙaramar hukuma, da na yaranka, da na mai ɗakinka, ka kuma ambaci abokin hamayyarka, amma ban ga inda ka gaya mini abin da Kiristocin mazaɓarka suka ce ba. Su ne aka zaga, su ne aka ce su bar gari, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka tsaya cikin rana suka jefa maka ƙuri'a ba tare da sanin wannan rubutu ba. Ina zaton ba ka kawo maganarsu ba ne saboda har yanzu ba ka je wurinsu ba, kuma wannan rashin zuwan shi ya fi damuna fiye da hotunan da ke yawo a waya.

Bari in fara da shawarar yaranka, saboda ita ce mafi haɗari. Kada ka kuskura ka ce kutse aka yi maka. Kai ka san kai ka rubuta, Allah ya sani, kuma abokan karatunka da suka yi sharhi a ƙarƙashin rubutun a wancan lokaci suna nan da ransu. Rubutun 2011 laifin wani saurayi ne da za ka iya cewa ka rabu da halinsa, amma ƙaryar da za ka yi yau laifin kansila ne mai shekara 35, mai mata da 'ya'ya, wanda ya yi rantsuwar kama aiki, kuma babu wani uzurin ƙuruciya da zai rufe ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da ta ƙure maka kuwa babu wanda zai sake sauraron tubanka. Ka tuna da Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi, lokacin da bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo, mutane fiye da tamanin suka zo suna rantsuwa suna kawo uzuri, aka karɓi zahirinsu aka sallame su. Ka'abu mutum ne mai fasahar harshe, da ya so da ya tsara magana ya fita, amma ya ce ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace masa kwana 50 har ƙasa ta yi masa ƙunci duk da faɗinta, sa'an nan Allah ya saukar da karɓar tubansa cikin Suratut Tauba. Kwanaki irin waɗannan su ne a gabanka, kuma gara ka shige su da gaskiya a bakinka.

Haka nan kada ka yi gaggawar goge rubutun a ɓoye kafin ka yi magana. Hotonsa ya riga ya fita, gogewar ba za ta dawo da shi ba, sai dai ta ƙara wa masu zarginka hujjar cewa ɓoyewa kake yi. A Amurka, lokacin da Shugaba Biden ya zaɓi Neera Tanden ta shugabanci ofishin kasafin kuɗi, ta goge saƙonni fiye da dubu daga shafinta na Twitter, cikinsu da waɗanda ta ci mutuncin sanatoci, amma gogewar da kanta ta zama abin da aka riƙa yi mata tambaya a kai a majalisa, kuma a watan Maris na 2021 aka janye sunanta. Ka amsa laifinka tukuna, ka faɗi cewa za ka cire rubutun saboda bai cancanci zama a shafinka ba, sa'an nan ka cire shi kowa yana gani.

Yanzu kuma ina so ka auna nauyin abin da ka rubuta yadda ya kamata, domin na lura kana jingina da shekarunka na lokacin. Gaskiya ne ɗan shekara 21 yana da zafin kai, kuma a wancan zamanin da Facebook da manhajar hira ta 2go suka shigo hannun matasa, yawancinsu sun ɗauka hira ce irin ta majalisar bakin titi wadda iska ke ɗauke ta. Amma ka dubi kwanakin da ka yi rubutun. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma kimanin 65,000 sun rasa matsuguni. An ƙone coci-coci da masallatai, an kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa ta jihar Kaduna da kewayenta, an kashe Kirista a wasu garuruwan, an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima a jihar Bauchi. A cikin waɗannan kwanaki, lokacin da maƙwabtanka suke kulle cikin ɗaki ko suke gudu zuwa bariki da 'ya'yansu a hannu, ka rubuta cewa su suka jawo wa kansu. Tsohuwar da ta kwana a barikin 'yan sanda a wancan makon ba za ta karanta maganarka a matsayin wautar yaro ba, za ta karanta ta a matsayin muryar waɗanda suka kore ta. Ban faɗi haka don in ƙara maka ƙunci ba. Na faɗa ne domin duk neman gafarar da bai fara daga fahimtar girman laifi ba, wanda aka yi wa laifin yana gane ramarsa tun daga jimlar farko.

Shawarar shugaban ƙaramar hukuma tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya, wato a ƙasar nan ba kasafai tsohuwar magana take raba mutum da muƙami ba. A watan Afrilun 2021 an taso wa Dokta Isa Ali Pantami, lokacin yana ministan sadarwa, da wasu tsofaffin karatuttukansa da aka yaɗa a intanet, aka yi ta kiran ya sauka. Ya fito ya ce wasu daga cikin maganganun ya yi su ne yana matashi kuma ya sauya fahimta a kansu, fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa tana goyon bayansa, ya kuma ci gaba da aiki har ƙarshen gwamnatin a 2023. A watan Agustan 2023 kuma, lokacin tantance ministoci, sanatoci sun karanta wa Dokta Bosun Tijani tsofaffin saƙonninsa na Twitter, har da wanda ya kira su wawaye, ya tsaya a gabansu ya ba da haƙuri, suka tabbatar da shi. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, babu ɗaya daga cikinsu da ya yi shiru, kowannensu ya buɗe baki ya yi bayani. Na biyu, dukansu naɗa su aka yi, amanarsu tana hannun wanda ya naɗa su, idan ya ce ya gamsu to magana ta ƙare a hukumance. Kai kuwa zaɓarka aka yi, kuma shugaban ƙaramar hukuma bai mallaki kujerarka ba balle ya yafe a madadin masu ita. Ƙura za ta iya lafawa a WhatsApp cikin mako biyu, amma a cikin mazaɓa mai 'yan unguwanni, inda kowa ya san gidan kowa, shirunka zai zauna a zukatan mutane har ranar da wani rikici zai taso, kuma a ranar za a tuna cewa kansila bai taɓa janye maganarsa ba.

Misalin da na fi so ka duba daga Ingila yake. Naz Shah 'yar majalisa ce Musulma mai wakiltar Bradford ta Yamma, an zaɓe ta a 2015. A watan Afrilun 2016 aka tono wani abu da ta yaɗa a Facebook a 2014, kafin ta zama 'yar majalisa, mai cewa a kwashe Isra'ila a mayar da ita Amurka, tare da wasu kalamai da Yahudawan Birtaniya suka ji sun taɓa su a matsayinsu na al'umma. Ta ajiye muƙamin da aka naɗa ta na mataimakiya ga wani jigon jam'iyyarta ta Labour, ta miƙe a zauren majalisa ta nemi gafara, jam'iyyar ta dakatar da ita, ta je wurin ibadar Yahudawa a Leeds ta zauna a gabansu ta amsa cewa jahilci ne ya ja ta. Ba ta bar goyon bayan Falasɗinawa ba, abin da ta janye shi ne cin mutuncin al'umma sukutum. A watan Yulin shekarar aka ɗage dakatarwar, kuma a zaɓen 2017 mutanen mazaɓarta, waɗanda yanzu sun san komai, suka mayar da ita da ratar ƙuri'u fiye da ta farko. Ta saki abin da aka ba ta ta hanyar naɗi, ta riƙe abin da jama'a suka ba ta, ta kuma koma gabansu suka sake yanke hukunci da idonsu buɗe.

Saboda haka abu na farko da nake ba ka shawara ka sauka daga kansa shi ne shugabancin kwamitin rabon taki da kayan tallafi, kuma ka yi hakan da kanka kafin a nema. Rabo wuri ne da zargi ke saurin shiga ko da mai rabon waliyyi ne. Daga yau duk manomin Kirista da bai sami buhun taki ba, duk bazawarar da sunanta bai fito a takardar tallafi ba, suna da dalilin da zai sa su ce kansila ne ya cire su, kuma ba za ka iya kore wannan zato da rantsuwa ba. Ka nemi a ba wani, ka kuma roƙi a sa wakilin unguwannin Kirista cikin kwamitin idan babu, a riƙa manna sunayen waɗanda suka amfana a fili.

Sa'an nan ka tafi wurinsu, kuma ka tafi kafin ka rubuta komai a intanet. Ka fara da mai unguwa ko dagaci da limamin da ake ganin girmansa, ka gaya musu gaskiya, ka roƙe su su nema maka iso wurin fastoci da dattawan al'ummar, maza da mata. Kada ka je da jerin motoci, ko mai ɗaukar hoto, ko buhunan shinkafa, domin duk abin da ka riƙa a hannu ranar za a fassara shi da toshiyar baki. Ka zauna ƙasa idan ta kama, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle waɗannan dattawa ne da ka ci wa mutunci. Ka ce musu kai ka rubuta, abin da ka rubuta zalunci ne kuma ƙarya ne, garin nasu ne kamar yadda yake naka, kuma ka zo neman gafara ba tare da sharaɗi ba. Ka guji irin kalaman nan na 'yan siyasa da ke cewa idan akwai wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, domin babu wani idan a nan, ka san ran wa ya ɓaci. Kada kuma ka ce ai mu ma an kashe namu, ko da yake gaskiya ne an kashe, saboda wannan zaman na laifinka ne kai kaɗai. Idan ka gama ka yi shiru ka saurara, ko da za a gaya maka magana mai ɗaci. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa, barin laifi da nadama da ƙudurin rashin komawa, idan kuma haƙƙin wani ne sai an nemi mai haƙƙin, kuma ba a keɓe wannan sharaɗi ga haƙƙin Musulmi kaɗai ba. Bayan wannan zama ne za ka fito fili, a shafin da ka yi laifin, da Hausa da Turanci, ka maimaita abin da ka faɗa musu ba tare da rage komai ba.

A wannan zaman ne kuma za ka ɗora maganar kujerar a gabansu. Ka tambaye su kai tsaye ko za su iya ci gaba da kawo maka kukansu a matsayin wakilinsu. Aikin kansila ba wani abu ba ne face wannan: a buga maka ƙofa da dare saboda rijiyar burtsatse ta lalace, ko an kama yaro, ko kwalbati ta toshe, ko ana taƙaddamar fili. Idan wani ɓangare na mazaɓarka ya daina buga ƙofar saboda tsoro ko ƙyama, to kana karɓar albashin aikin da ba ka iya yi wa rabin mutanenka. Ka ba su lokaci, watanni idan ta kama, kada ka matsa musu su yafe a zama ɗaya. Idan bayan haka dattawansu, waɗanda ba su da wata manufa ta siyasa, suka ce maka zukatansu sun kasa, to ka sauka, ka kuma faɗi dalilin saukar a fili.

Akwai kuma halin da zan ce maka ka sauka ba tare da jiran kowa ba, kuma kai kaɗai ka san ko ya shafe ka. Ka koma ka karanta duk abin da ka rubuta a kwanakin nan da idon basira. Idan a ciki ka nuna gidan wani, ko shagon wani, ko ka ambaci sunan mutum, ko ka kira mutane su fito, kuma wani abu ya sami waɗanda ka nuna, to magana ta wuce zagi ta shiga jini da dukiya, kuma babu kujerar da ta dace da kai har sai an warware wannan haƙƙi. Haka nan idan akwai irin waɗannan kalamai da ka yi a shekarun baya-bayan nan, a wani zauren WhatsApp ko a taron siyasa, to ka sani za su fito, kuma za su rushe duk hujjarka ta cewa ka canza. Jared O'Mara, wanda ya ci kujerar majalisar Birtaniya a Sheffield a 2017, an tono masa munanan kalaman da ya rubuta a intanet tun wajen 2002 zuwa 2004, ya nemi gafara ya ce ya girma, ya sauka daga wani kwamiti. Kwana kaɗan bayan haka sai ga zargin cewa ya ci zarafin wata mata da baki a cikin shekarar da aka zaɓe shi, zargin da ya musanta, kuma jam'iyyarsa ta dakatar da shi. Tsohon laifi ana iya yafe shi ne kawai idan shekarun da suka biyo baya sun ba da shaidar wani mutum dabam. Shekara 14 ke tsakaninka da wannan rubutu, kuma maƙwabtanka Kirista sun fi kowa sanin yadda ka zauna da su cikin waɗannan shekaru, ko ka je musu ta'aziyya, ko ka tsaya musu a ofishin 'yan sanda, ko ka raba aiki da adalci. Wannan shaidar ce za ta yi maka magana ko ta yi shiru.

Ta fuskar doka, dokar laifuffukan intanet ta Najeriya a 2015 aka yi ta, bayan rubutunka da shekara huɗu, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya hana a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Sai dai tun kafin wannan doka akwai tanade-tanade a kan cin mutuncin addini da tunzura jama'a, ga shi kuma rubutun ya ci gaba da zama a shafinka har yau. Ka nuna wa lauya sanarwarka kafin ka fitar, amma ka gaya masa tun farko cewa ba ka zo don ya tace maka amsa laifin ba.

Shi kuma wanda ya tono rubutun, na san kana jin zafinsa, kuma mai yiwuwa ba kishin Kiristoci ne ya sa shi ba, kujerar yake so. Wannan tsakaninsa da Allah ne. Mugun nufinsa bai canza harafi ɗaya daga abin da ka rubuta ba, saboda haka kada sunansa ya fito a bakinka a duk wannan al'amari. Ka tara yaranka yau ɗin nan ka hana su mayar da martani, domin na san halin masu kare ubangida a intanet, cikin kwana ɗaya za su zagi mutanen da kake shirin zuwa neman gafararsu, su tono tsofaffin maganganun wasu don a yi canjaras, su mayar da abin faɗan addini a garin da ya riga ya ɗanɗana irinsa. Duk wanda ya ƙi ji a cikinsu ka raba gari da shi a fili.

Mai ɗakinka kuwa tsoro ne da tausayinka suka sa ta ce ka ajiye, kuma tana da haƙƙin a saurare ta, tun da ita ce ke shiga kasuwa da gidajen biki tana jin abin da ake faɗa. Ka zaunar da ita ka bayyana mata cewa idan ka sauka yau ka shige gida ka kulle ƙofa, mutanen da ka zaga za su wayi gari babu kansila kuma babu neman gafara, ku kuma za ku ci gaba da zama gari ɗaya da su kuna sunkuyar da kai. Ka gaya mata ranar da za ka je wurin dattawan, ka kuma nemi ta raka ka wurin matansu idan ta amince. Idan fasto ko wani dattijo ya ƙi ganinka a karon farko, kada ka yi fushi kuma kada ka kai ƙararsa wurin kowa, ka bar saƙon gaisuwa wurin mai unguwa, ka sake neman iso bayan mako guda. Ka rubuto mini bayan zaman in ji abin da suka ce maka.